Na Ce wa Yaran Yayata Surutunsu Ne Yake Ƙara Mata Ciwo

Sannunku mutanen wannan shafi. Anti mai shafi, don girman Allah ki sakaya sunana. Ku kuma masu karatu, na san za ku ji haushina, amma ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

A Tudun Wada nake, nan Jos, gidan yayata. Bara likitoci suka tabbatar mata da ciwon daji a nono, sai na rufe teburin dankalina na Tina Junction na dawo riƙe mata gida. Yaranta biyu, mace 'yar shekara bakwai, bari in kira ta Kaneng, da ƙaninta ƙarami. Tun ranar farko Yaya ta ja mini kunne: "Kada in ji sunan ciwon nan a gidana. Ba mu karɓe shi ba, cikin sunan Yesu." Mijinta ma haka ya ce. To wa zai ja da marar lafiya? Muka ce wa yara zazzaɓi ne.

Amma zazzaɓi yana zubar da gashi? Duk ranar da aka dawo da ita daga karɓar magani a asibiti sai amai, sai kwanciya, ko ƙarar cokali ba ta so. Kaneng kuwa Allah ya yi ta da baki kamar rediyo, ga tambayar tsiya. "Anti, me ya sa Momi take ɗaura ɗankwali ko a ɗaki? Anti, me ya sa matan zumunta suke kuka in sun zo addu'a?" Wata rana ina wanke bokitin amai, tuwo na ƙonewa, su kuma suna tsalle a kan kujera suna ihu, raina ya ɓaci, na daka musu tsawa: "Ku ci gaba! Surutunku ne yake ƙara wa Momi ciwo. In kun kashe ta sai ku huta!" Allah ya sani, irin maganar da iyayenmu suka sha yi mana ce, ba mu taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Amma Kaneng ta tsaya cak, ta ce, "In mun yi shiru za ta warke?" Nan ne ya kamata in gyara. Ni da bakina na ce, "Eh mana."

Babban abin kunyar, na ji daɗin shirun. Gida ya yi tsit, har maƙwabta suna yaba tarbiyya, ni kuma ina washe baki. Yarinyar nan ta daina waƙa, ta fita daga mawaƙan Sande Sukul, tana tafiya da sanɗa a gidan ubanta. In ƙaninta ya fara kuka sai ta toshe masa baki da hannu, sai na ɓamɓare ta da ƙyar. Yaya ta tambaye ni, "Me ya sami 'yata? Ta daina shigowa wurina. Ko tsorona take ji don na rame?" Na ce makaranta ce take gajiyar da ita.

Makon jiya jikin Yaya ya rikice, aka kwantar da ita. Likita ya ja mu gefe, ni da mijinta, ya ce ciwon ya bazu har hanta, abin da ya rage sai rage mata zafi, gara ta koma gida cikin 'ya'yanta. Na dawo ina ɗora ruwa sai Kaneng ta riƙo zanina, ta ce cikin raɗa, "Anti, ranar da aka kai Momi asibiti na yi dariya a makaranta. Mantawa na yi. Don Allah kar ki gaya mata, ba zan ƙara ba."

Wayyo ni!

Gobe za a sallamo Yaya, kuma har yanzu ba ta san abin da na yi ba. Ina jin tsoron idonta. In zan wanke Kaneng, dole in kira sunan ciwon da uwarta ta hana a kira, in kuma gaya mata shirunta ba zai tsayar da komai ba. Da wane baki ake faɗa wa ƙaramar yarinya wannan? In kuwa na ja bakina, ranar da abin da muke tsoro ya faru, za ta tashi tana ganin dariyarta ce ta kashe uwarta.

Iyaye mata, ku da kuka taɓa zaunar da yaro kan irin wannan magana, ku taimake ni kafin gobe. Me zan yi?