Sunan Da Na Faɗa a Layin Awo

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan Ƙofar Kwaya lafiya lau, sai wata rigima da kika ƙulla da hannunki, kika tafi kika bar ni da ita.

Ke kika koya mini kunyar 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na haɗa ido da ita a gaban mutane. Babanta kuma ya raɗa mata sunanki, kunya ta zama biyu. Har ta yi aure ta tare a Kambarawa, "ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce "waccan".

To Inna, waccan tana da ciki. Ba ta faɗa ba, ni ma ban gani ba. Wato na gani tun ranar da warin daddawa ya kore ta daga madafi, amma a gaban jama'a ban gani ba. Ciki yana girma, hijabi yana ƙara faɗi, awo kuwa ko hanyarsa ba ta bi ba, wai kunya. Da kina nan, ke da jikarki, na san abin da za ki ce: "Ke, tashi mu tahi a duba mani abin da kika haɗiya." Shi ke nan an gama.

Da na rasa baki, sai na koma kan akuyarmu, ita ma cikin gare ta. Duk ranar da waccan ta zo, sai in tsaya in yi wa akuya nasiha da ƙarfi: mai ciki ta kwana a gidan sauro, ta ci zogale da wake da ƙwai, kada ta sha ƙwayar da ba likita ya ba ta ba. Akuya tana tuƙa, waccan tana danna waya. Akuyar dai ta haihu lafiya.

Sai na aiki ƙanwarki Gwaggo Tabawa ta yi wa waccan maganar awo. Ta taso tun daga Batagarawa da jarkar jiƙo baƙi ƙirin, wanda ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Na tare jarkar a zaure na tuttular a kwata, har yau Gwaggo ba ta amsa gaisuwata.

Dariya nake, Inna, amma tsoro nake ji. Kin tuna ita kanta bakwaini aka haife ta? Kin naɗe ta a auduga, duk ba ta cika tafin hannunki biyu ba, kina cewa, "Wagga in ta rayu, tawa ce." Da na ga takalminta ya daina shigarta, tana yawan dafe kai, sai audugar nan ta dawo mini a ido.

Na ce ta raka ni asibiti, gwiwata ke ciwo. Na yi ɗingishi har ƙofar asibitin, a hanya na manta wace ƙafar ce. Muna shiga na tura ta layin awo. Da aka zo kanta ta rufe fuska, sai nas ta juyo ta tambaye ni sunanta. Na ce ai 'yar gidanmu ce. Ta ce suna take tambaya. Mata duk sun zuba mini ido.

Na ce, "Sa'adatu."

Ki yafe mini, Inna. Sunanki ne na faɗa a bainar jama'a.

An auna an ga jininta ya fara hawa. Nas ta ce da an ƙara jinkiri, yaron zai iya zuwa kafin lokacinsa. Ta ba da magani, ta yi mana faɗa mu duka kan ƙwayar folik asid, wadda ake so a fara tun kafin a ɗauki ciki don kan jariri da ƙashin bayansa su haɗu daidai. Yanzu ba ta fashin awo, ni ke raka ta, gwiwata kuma ta warke.

A cikin adaidaita muna dawowa ta jingina da kafaɗata, ta ce a hankali, "Umma, ashe kin san sunana."

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciki ya cika watanninsa, Ya sauki Sa'adatu lafiya. Kin ga, na sake faɗa.

Ɗiyarki,
Binta