Kada a Ci Gaba da Kulle Yakubu da Sunan Idona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidajen Kurkuku,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ni ne Mamman, tsohon gandiroba, mazaunin Sabonjida a Tamale. Kukana a kan wani fursuna ne, Yakubu mutumin Gbalahi, wanda ya fasa mini idon hagu.

Ba wanke shi zan yi ba. Tun da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba ya jure a taɓa shi ta baya, har ya karya wa wani hannu a kasuwa aka ɗaure shi. Wata safiya na kai fursunoni faskare, na dafa kafaɗarsa, sai ya juyo da icen da ke hannunsa. Aka kai ni asibiti, shi kuma aka sa shi a lori zuwa babban kurkukun Kudu, aka rufe shi a ɗaki shi kaɗai. Turawa ne suka rufe shi. An sauke tutarsu, an ɗaga tamu, har yau yana ciki.

Dalilai biyu suka sa na rubuto maka. Na farko, duk lokacin da mahaifiyarsa, Mma Sanatu, ta roƙi a fito da shi cikin mutane, sai a ce mata ai gandiroba ya nakasa. Ni ne gandiroban, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayina. Tsohuwar nan man kaɗe take sayarwa a bakin layinmu. Da can in ta hango ni sai ta sauya hanya don kunya, har ran da na je na tsuguna na gaishe ta.

Na biyu, abin da na gani. Bayan Sallar Layya na raka ta Kudu, don ba ta jin Turanci. Aka fito da Yakubu yana kare fuska daga haske. Ƙaton da mu huɗu ba ma iya dannewa, yanzu riƙe shi ake yi kada ya faɗi. Uwar ta yi masa gaisuwar safe da harshensu na Dagombanci. Ya daɗe yana motsa baki kafin amsa ta fito. Da ya gane ni sai ya tambaya ko idon yana ciwo. Na ce ya daina. Ya kuma tambaya wa ke tara wa uwarsa kunyar doya a gona. Ba mu gaya masa gonar ta zama saura ba.

Na yi aikin nan, na san akwai fursunan da dole a ware shi har ya huce. Amma Yakubu ya huce tuntuni, magana ce take ƙare masa.

Don haka ina roƙo a riƙa fito da shi rana, a bar shi ya bi sahun salla, likita kuma ya duba kansa. In da hali a maido shi Tamale ya ƙarasa wa'adinsa. Mma Sanatu ba za ta sake iya wannan tafiyar ba. A dawowa sai da na goya ta daga tasha. In ana neman wanda zai tsaya masa, ga ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da mulki lafiya, Ya ba ka mai tausaya maka ranar da ƙarfi ya ƙare.

Wassalam.

Mamman, tsohon gandiroba
Sabonjida, Tamale