Kwana Huɗu a Fijo, Muna Bin Gaɓar Kogi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Ni ne Umaru, ɗanki na fari, tsohon malamin makaranta a Haɗeja. Na faɗi sunan ne saboda waɗanda za su karanta tare da ke. Yau na girme ki nesa ba kusa ba, gemu ya yi fari fat, amma sai yanzu na ɗauki alƙalami zan yi miki magana kai tsaye.

Ke 'yar ruga ce da aure ya kawo cikin gari, ni kuma ɗan fari, don haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. In na zo gaishe ki, bango kike kallo ki amsa. In kina da saƙo, ƙanwata ce 'yar aike, da ta yi aure a Kaugama sai matata Asabe ta gaji aikin. Ban taɓa jin haushi ba, haka muka taso muka ga ana yi. Ni ma na ƙware a tawa kunyar, har yabona ake yi a unguwa, ina jin daɗi kamar wani abin kirki na yi.

Shekarar farin nan ce, wadda kogi bai cika ya shiga fadama ba. Tun sanyi kike tari, ana ta jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Na aika Asabe ta ce miki zan kai ki asibiti a Kano. Amsar da ta dawo da ita ita ce, kin yarda, amma sai an fara kai ki kin ga ƙanwarki, Yafendo Dije, wadda rabonki da ita tun ina ɗan aji uku. An ce rugarsu tana wajen Baturiya. Wannan ne abu na farko da kika taɓa nema a wurina, shi ne kuma na ƙarshe.

Kin tuna motar? Tsohuwar Fijo ce da na saya hannun wani ɗan kasuwa da ya gaji da ita. Ba ta tashi sai da turi, in ta tashi kuma ba ta son a kashe ta. Duk da haka ina ji da ita, har goge ta nake yi da gefen rigata. Ba mu da halin masauki, kuma inda za mu babu masaukin ma. Na cika jarka biyu da fetur, na ɗaure tabarma da gidan sauro a sama. Asabe ta haɗa mana fura, da ƙuli-ƙuli, da garin kunu, da 'yar tukunya da buta. Ita cikinta ya tsufa, ba ta iya bin mu. Da aka ce a nemo wata mace ta raka ki, kika ce, "A bar mutane da aikinsu." A raina murna na yi, Inna. Na ce yau dai ga ni ga uwata, babu ɗan aike.

Kika shiga kujerar baya, daidai bayan direba, kika ja mayafi. Da na zauna na ɗaga kai, sai na ga madubin tsakiya ya kawo min fuskarki. Nan da nan na sa hannu na karkatar da shi ya kalli rufin mota, don kada idonmu ya haɗu ki ji nauyi. A lokacin gani nake ladabi na yi. Haka madubin nan ya zauna har ƙarshen tafiyar.

Mun bar Haɗeja da hantsi, muka yi gabas, kogi yana hannun damanmu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Inda nake tunawa da ruwa ya shafe gonakin shinkafa, sai ƙasa baƙa ta tsattsage, jiragen masunta a kife a kan yashi. Ruwan ya koma kududdufi nan da can, belbelu sun yi musu zobe. Da kwalta ta ƙare muka bi hanyar amalanke, da ita ma ta ƙare muka bi burtali.

Magana kuwa kin yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Da mota kike yi, ko da iska. "A tsaya a yi salla." "A sha ruwa." "A yi a hankali da ramin nan." Ni ma na koyi amsawa da irin harshenki, in ce an ji, in ce an kusa. Mutum biyu a cikin mota ɗaya, amma in wani ya saurara sai ya rantse akwai na uku da muke ba saƙo.

Da la'asar muka isa inda aka kwatanta mana. Babu kowa sai turakun maruƙa da toka mai sanyi. Wani mai bandar kifi ya ce sun fi wata guda da tashi, ciyawa ta ƙare, sun bi ruwa sun yi gaba. Ban tambaye ki ba, na dai tsaya jikin mota ina kallon ƙasa. Kika ce, "A bi su."

Ranar muka fara kwanan daji. Na ajiye motar a ƙarƙashin goruba, a kan ɗan tudu don in samu gangarar tayar da ita da safe. Na shimfiɗa miki kayan sawa a kujerar baya, na rataya zane a tagogi. Ni kuma na shimfiɗa tabarma ta gefen taya, na ɗaura gidan sauro tsakanin marfin mota da reshe. Sauron fadama bai san da zaman gidan sauro ba, ya ci rabonsa ya bar min saura. Ina jin tarinki ta cikin ƙarfen mota, in ya yi tsawo in tashi zaune, in ya lafa in koma. Ban buɗe ƙofar ba ko sau ɗaya.

Da safe na haɗa duwatsu uku na dama kunu. Ke kin san ban iya ba, duk gudaji ne. Na ajiye miki kwanon a bakin ƙofa na juya baya, kamar yadda aka koya min, don ba a kallon babba yana cin abinci. Can kika turo shi waje a rufe, kika ce, "An ƙoshi." Na ɗauka na kai bakin ruwa, na ga ko rabin ludayi ba a taɓa ba. Sai na ce ai laifin kunun ne, har na yi wa kaina dariya.

Kwana na biyu taya ta yi faci sau biyu, lagireto ya tafasa, na yi ta ɗura masa ruwan kogi da buta. Mun sami kufan ruga biyu. A na farko kashin shanun ya bushe, a na biyu da ɗan danshinsa. Duk wanda muka tambaya hannu yake miƙawa gaba, ya ce ba su yi nisa ba. Wurin nan ne na ji kin yi waƙa ƙasa-ƙasa da Fulatanci, lokacin da muka wuce wani gawo babba. Ban san kina waƙa ba. Na rage gudu don kada ƙarar inji ta danne ta, da kika lura sai kika yi shiru. Har yau ina cizon yatsa da na rage gudun nan.

A ranar ce kika daina fitowa salla. Kina yi a zaune cikin mota, da taimama a jikin wani ɗan dutse da kika ce a miƙo. Na ce wa kaina ƙaya ce ta yi yawa a wurin.

Kwana na uku muka tsaya a wani ƙauyen masunta neman ruwan sha. Wata dattijuwa mai sayar da kifi ta leƙa ta taga ta gaishe ki, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka kuwa dubi ƙafafun tsohuwar nan? Sun kumbura sun yi sumul. Ka juya da ita gida." Na ce to, na gode. Inna, ban duba ba. Ta yaya zan ɗaga zanen da ya rufe ƙafarki? Na shiga mota na riƙe sitiyari, na tambayi gilashin gaba ko a juya. Kika ce, "A ci gaba." Ni kuma na ci gaba, domin ban taɓa yi miki musu ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Ina da takardar shaidar koyarwa, yara sittin suna tsit in na shiga aji, amma na kasa juya wuyana in dubi bayan mota.

Hantsin kwana na huɗu muka gan su. Wani reshen kogi ne ya gitta mana, hanya ta ƙare a bakinsa. A tsallake, can bayan ciyawar burugu, ga shanu farare, ga bukkoki, ga hayaƙi. Wani makiyayi da ke shayarwa ya tabbatar min rugar su Dije ce. Na ji kin motsa a baya, kin buɗe ƙofa da kanki. Kika sauko da ƙafa ɗaya, kika dafa marfin, sai kika koma kika zauna. Numfashinki har inda nake tsaye ina jin sa.

Babu jirgi a wurin, ruwan ya yi kaɗan ga jirgi, ya kuma yi yawa ga Fijo. Na tsaya ina kallon ruwan, ina kallon bukkokin. Wallahi tunanin ya zo min. Na ce a raina, Umaru, durƙusa ka goya ta, ka haye da ita. Har na matso taku biyu. Sai na tuna tun da aka yaye ni jikina bai taɓa naki ba, na tsaya cak. Ina nan tsaye kika ce, "A je a kira ta." Na ji sanyi a raina da kika ba ni mafita, wannan ma yau na faɗa miki. Na ajiye miki buta kusa, na naɗe wando, na shiga ruwa.

Rugar ta fi yadda ido ya nuna nisa. Da na isa kuma Yafendo ba ta nan, ta kai nono wani ƙauye. Aka tura a kira ta, aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo min kindirmo. Na zauna na sha, Inna. Ana tambayata mutanen Haɗeja ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, saboda ba a yanke wa manya gaisuwa. Rana ta take tsaka kafin ta iso. Ko ƙwaryarta ba ta sauke daidai ba ta yi gaba, tsohuwa da ita tana gudu ina bin ta, tana kiran sunanki tun daga tsakiyar ruwa.

Mun same ki a jingine da kujera, ƙofa a buɗe, fuskarki tana kallon tsallake. Kin gyara ɗaurin ɗankwalinki, kin sa 'yan kunnenki na azurfa da ban san kin taho da su ba. Yafendo ta kama hannunki ta yi ta magana da Fulatanci, sannan ta yi salati. A ranar na fara ganin fuskarki sosai. Ashe kina da ɗan tabo a gefen gira. Ashe hancina naki ne.

Mutanen ruga suka biyo mu, suka ce a can rugar za a yi miki sutura, cikin danginki. Babu makara a wannan gaɓar, sai an haye. Maza suka tsaya cirko-cirko, kowa yana jiran wani. Yafendo ta dube ni ta ce, "Kai ne ɗanta. Ɗauke ta."

Na naɗe ki a mayafinki na ɗauke ki a hannu biyu. Ba ki kai nauyin damin gero ba. Na shiga ruwan da ke, kanki a kafaɗata, ina takawa a hankali kada in jijjiga ki. Ko a inda ya fi zurfi, ruwan bai wuce cinyata ba. Kafin a gama karanta Fatiha uku mun haye.

Shekara da shekaru malamai suna gaya min kwana ne ya ƙare, ko na goya ki ko ban goya ki ba. Na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma da na ɗauke ki da hantsi, da kin ga Dije da idonki, da kun sha nono a ƙwarya ɗaya. Abin da ban sani ba, kuma babu mai gaya min, shi ne ko za ki yarda ki hau bayana in da na durƙusa. Wata rana in ce za ki ture ni, wata rana in ce jira kike yi in yi ƙarfin halin da ke ba ki da ikon nema. Na tsufa a tsakanin biyun nan, ban iya zaɓar ɗaya ba.

Ki yafe min, Inna. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara. Allah Ya haɗa ki da Yafendo Dije a inuwar da babu tashi, Ya ba ni ikon iske ku da imani. Amin.

Wassalam.

Ɗanki na fari,
Umaru