Giyar Hannu a Motar Marigayi

Talata da dare, Maris 2006

"Mama, sati biyu kacal, za ki ja motarki da giyar hannu." Haka Bawa bakanike ya ce, hannunsa a ƙirji. Yau wata uku ke nan.

Jar motar marigayi maigidana ce, mai ƙofa biyu, wadda ana taka ta take ruri. Na sa ya cire otomatik ɗin tun ranar da batir ya mutu mini a hanyar Bena, maza shida suka tura, ta ƙi tashi, don otomatik ba ta tashi da turi.

Yau na gan ta a Rikoto, Bawa da budurwarsa a ciki, yana canza giya kamar motar ubansa. Na tare shi. Wai gwaji yake yi. Har ya ƙara da, "Kulocin da tauri, Mama, ba na ƙafar mace ba ne."

Ni da na koyi tuƙi da motar sojoji a bariki!

Na ba shi zuwa Juma'a. In bai kawo ta ba, akwai makulli na biyu a akwatin marigayi. Zan je garejin, in ce ya shigo mu yi gwajin tare. Sai ya roƙi ƙafar macen nan ta taka birki, sannan in sauke shi a Bena ya dawo da tasa ƙafar.