Mai Tutar da Na Narkar wa Fuska

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Rabi, Allah ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar da ba na fashinta, yau Alhamis ce, an idar da azahar. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwa ta hana ni sauka masallaci, a kujera na yi salla, hannun dama kuma yana 'yar rawarsa da ya saba.

Daga ɗakina na unguwar Sharafiyya, nan Jidda, nake rubuto miki, ɗakin da ba ki sani ba. Tun da aka rushe unguwarmu Karantina autanki Faisal ya kama mini shi, a bene, taga tana kallon bayan wata baƙala, shagon kayan masarufi. Shi yana can arewacin gari da iyalinsa, yau nake sa ran zuwansa. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na dafa shayi ya huce, na sake ɗorawa. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa.

Bari ki ji dalili.

Faisal, da furfura a gemunsa, ya shiga wani wasa. Shi da abokansa suna haɗuwa a wani shago, su jera ƙananan sojoji na roba a kan tebur, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba, su jefa ƙwayar ludo, su auna tazara da tef, wai yaƙi suke yi. Kowa shi ke yi wa nasa fenti. Watan jiya ya kawo mini guda ɗaya a naɗe cikin auduga, mai riƙe da tutar rundunarsa. Ya ce an daina sayar da irinsa, kuma tunda ni na rubuta allunan shagunan unguwarmu, ni ya kamata in yi masa. Kin san mu, ina Hausa yana amsawa da Larabci, hirarmu ba ta wuce magani da iƙama, takardar izinin zama. Ran nan kuwa har aka kira la'asar yana zaune kusa da ni yana nuna mini launuka.

Na raina fentin da ya bar mini, 'yan kwalabe masu ruwa-ruwa da sai an shafa an sake shafawa. Na buɗe gwangwanin fentin mai da na tsira da shi daga tsohon shago, na yi masa shafa ɗaya kamar allon ƙarfe. Ya yi kauri, ya cike zanen sulke, ya cike ido da hanci, ga laimar Jidda ta hana shi bushewa. Sai hannuna ya yi abin da ya saba tun ina saurayi: na tsoma tsumma a tina, ruwan nan mai narkar da fenti, na goge. A jikin ƙarfe fenti kaɗai tina take ci, a jikin roba kuwa har da robar. Kafin in ɗaga tsumman, fuskar ta lotsa kamar kyandir.

Na tuna shekarar da kika ƙona mayafin sallarki da dutsen guga. Ba ki yi kuka ba, kika zauna a bakin ƙofa kika ɗinka fure a kan ƙunar. "Abin da ya ɓaci a hannunka, a hannunka zai gyaru," haka kika ce da ni.

Shi na bi. Na yagi takarda mai laushi, na jiƙa ta da gam, na naɗa masa rawani da tsinken sakace, na ja amawali ya rufe inda fuskar take. Na koma ga fentin Faisal ina mai ladabi. Nakan ɗora tsintsiyar hannuna a kan matashi, in riƙe numfashi, in shafa, in jira ya bushe, in ƙara. Rawanin ya zama baƙi mai ƙyalli irin na Buzayen da suka zauna a layinmu. Tutar ja ce, na zagaye ta da reshen zinariya irin wanda nake sa wa allunan masu turare. Ban rubuta sunan Allah a kai ba, don na ji idan an ci soja a wasan kwantar da shi ake yi.

Da safe idan na kalle shi sai in ga ya yi kyau. Da rana kuma ɓarnar kawai nake gani. Na ɗauki waya zan tura masa hoto, na ajiye, na sake ɗauka.

Ba faɗansa nake tsoro ba, Rabi, kin san bai iya faɗa ba. Zai sumbaci kaina ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya sa shi a aljihu, shi ke nan ba zai ƙara kawo mini wani ba. Mu koma maganar magani, yana tsaye, makullin mota a hannu.

Da kina nan ke za ki tare shi a ƙofa ki fara ba shi dariya, kafin ya iso wurina maganar ta yi sanyi. Ni ban taɓa iya wannan ba. Na yi kewarki, 'yar mutanen Damagaram.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya kare mana yaron nan da 'ya'yansa, ya sa in cika da kyau in tadda ki.

Mijinki,
Sani mai alluna.

An yi magariba, bai zo ba. Ya turo saƙon murya, wai aiki ya riƙe shi, ya tambaya ko sojan ya kammala. Takalman sojan kaɗai suka rage ban yi wa fenti ba, kuma na wanke buroshi na rufe kwalabe. Na ce masa da saura, sai ya zo ya zaɓi launi da kansa.