Ashe Ɗana Ne Ke Yi Mini Ribas

Malama Sa'ida, ki agaza mini da shawara tun kafin hawan jini ya riga ki isowa. Ni marini ne a Ƙofar Mata. Boko kuwa a aji biyu na sakandare muka yi hannun riga, bai neme ni ba, ban neme shi ba. In kin ga rubutun ya karkace, haka mai shi yake.

Ina da wata tsohuwar mota da sai an lallashe ta take tashi. Kin san lungunanmu na cikin gari, ko amalanke sai ta matse jiki take wucewa. Shi ya sa masu motar unguwa a wani kango muke ajiyewa a bakin titi, mu bar mukullai wurin mai gadi, Baba Ashafa. Aikinsa ne ya jera su da magariba, da asuba ya fito da ta mai sammako. Ni dai gaba na iya. Ribas kuwa, tun ranar da na kwashe teburin mai ƙosai na sallama ta. A bakin kango nake tsayawa, in miƙa mukulli, in yi gida.

Ɗana na fari, Abdulbaƙi, ya cika sha takwas, ya dame ni da maganar takardar izinin koyon tuƙi. Na ce to, amma ta makaranta za a bi. Da kaina na kai shi, muna tafe ina yi masa lacca, ga burki, ga totur, kada ka tsorata, ni ma da haka na fara. Yaro sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Mai koyarwa ya ce yaro ya zauna ya riƙe sitiyari kawai, ya ji yadda yake. Motar makarantar kuwa an matse ta tsakanin katanga da wata bas. Malama, kafin in gama gyara hula yaron nan ya tayar da ita, ya ɗora hannu ɗaya a bayan kujera, ya zaro ta da baya kamar wuƙa daga kube! Mai koyarwa ya dube ni ya tambaya ko gwada shi muka zo yi. Ni kuwa baki a buɗe, sai salati.

A hanyar gida na tsare shi. Ashe Baba Ashafa ya daɗe da yana a ido, ba ya ganin madubi. Tun yaron yana ƙaramar sakandare shi ke shigar da motocin mutane, shi ke fito da su, tsoho yana tsaye yana bubbuga masa bayan mota. Har da jif ɗin wani Alhaji da in aka kankare ta, ko an haɗa ni da rijiyoyin rinina an sayar ba za a gyara ba. Ni kuwa ina majalisa ina yabon tsoho, ina kai masa goro, ina cewa Kano kaf babu mai hannunsa. Mai shayi ya sani. Ladan ya sani. Na shiga gida ina huci, uwar yaron tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ita ma ta sani.

Cikin wannan fushin na rantse da Allah ba zai yi takardar nan ba muddin yana cin tuwon gidana. Yanzu ya daina dariyar barkwancina, alhali shi kaɗai ke yi a gidan. Abin da ya ƙara tsorata ni, na tambaye shi wa ke da hanya a shataletale, ya ce wanda ya fi ƙarar hon. Bai taɓa hawa titi ba, giya ta ɗaya da ribas ne iyakar karatunsa. In na hana shi, na san wata rana zai saci jiki ya hau. In na bari, rantsuwata fa? Tsohon nan kuma in na buɗe baki abincinsa ya ƙare. Yaya zan yi?

Mai Shuɗin Hannu, Ƙofar Mata

*

Malam Mai Shuɗin Hannu, na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Firgitarka tana kan hanya. Ƙaramin yaro a sitiyari, mai nuna masa hanya ba ya gani, a wurin da yara ke gilmawa zuwa makarantar allo, Allah ne kawai ya tsare. Ɓoyon da aka yi maka ma ba daidai ba ne, ka faɗa wa Abdulbaƙi da mahaifiyarsa haka, ba da wasa ba.

Sai dai ka dubi dalilinsa. Ba yawo ya je ba, asirin dattijo ya rufa. Irin wannan ɗa gyara yake buƙata, hukuncin da ka yanke kuwa ya hana shi abin da zai gyara shi. Ya san mota, bai san titi ba, kuma wanda ya iya rabi ya fi wanda bai iya komai ba haɗari, don shi ba ya tsoro. Ka mayar da shi makarantar, a fara masa daga dokokin hanya kamar bai taɓa ganin mukulli ba. In takarda ta fito, a manna alamar ɗan koyo, kuma kada ya hau titi sai da mai lasisi a gefensa.

Rantsuwa kuwa, addini bai rufe ƙofa ba. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, yakan yi kaffara ya bi alherin. Ka sami malamin unguwarku ya yi maka bayani.

Baba Ashafa kada a kai shi majalisa. Ka same shi ku biyu, ka raka shi asibitin ido, yanar ido dai aba ce da ake cirewa. Kafin nan kowa ya motsa motarsa da kansa, shi ya tsaya kan gadi.

Ka kira yaron yau, ka ce masa ka yi fushi ne saboda ka tsorata. Allah ya yi masa albarka, ya tsare mana shi a hanya.