Faifan da ke Ɗauke da Muryar Hawwa

Litinin, 3 Mayu 2010
Ɓangaren sauti na ordinatar gidan rediyonmu, wato kwamfutarmu, ya cika. Giga arba'in, babu saura. Ɓangaren tsarin aiki kuwa rabinsa fanko ne, amma ba ya aruwa. Ni na raba faifan haka bara.

Alhamis, 6 Mayu
Tun hawan sojoji mulki a Fabrairu ana faɗin kalmar yunwa a iska, kowane ƙauye na son a ɗauki muryarsa. Cha'ibu, makanikin na'urorinmu, ya zo daga Maradi. Ya ce mafita ita ce LVM, wani tsarin raba faifai da ake iya faɗaɗa ɓangarorinsa. "Malam, katangar laka ka gina. Wannan zana ce, kana matsar da ita duk inda ka so." Har tsohon faifan da ke cikin kabad za a haɗe da wannan, su zama rumbu guda. Na tambayi aibinsa. Ya ce in ɗaya ya mutu yana iya jan ɗan'uwansa.

Asabar, 8 Mayu
Ƙauyen Issawane. Hawwa, dattijuwa, ta yi minti hamsin tana bayanin yadda ake jiƙa anza kwana huɗu kafin ɗacin ya fita. Ta jero sunayen jikokinta da suka tafi Libiya. Ban katse ta ba.

Litinin, 10 Mayu
Ko in goge muryoyin ƙauyuka shida, ko in yarda da zanar Cha'ibu. Na karanta bayanin sau biyu, haɗarin a rubuce yake. Babu faifai na uku da za a kwafe sautin a kai. Na yarda.

Talata, 25 Mayu
Wuri ya wadata. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sau biyar yau.

Laraba, 2 Yuni
Tsohon faifan yana ƙas-ƙas. Da azahar ordinatar ta ƙi tashi.

Juma'a, 4 Yuni
Dikko mai kawo mana nono ya ce an rufe Hawwa shekaranjiya. Ɗanta na tambaya ko za a sake sa muryarta. Na ce ana gyara.

Lahadi, 6 Yuni
Na zauna in rubuta abin da ta faɗa. Layi bakwai na samu, sunan jika biyu. Shekara goma sha biyu ina gaya wa sababbin ma'aikata kada su dogara da ƙwaƙwalwa.
Jiya a ƙauyen Sarkin Hausa na rubuta komai da hannu, ko da yake na'urar na ɗauka. Hannu ne kawai ke son motsi, ina jin.
Cha'ibu ya tafi Maradi da faifan nan biyu. Ya aiko cewa tsohon ya juya sau ɗaya. Bai san ko zai karantu ba tukuna.